WASAN ƘARNI: YADDA ƊAN SHEKARA 13 YA KA DA GWANI TUN DAGA MABUƊI

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai ɗan kauce wa labarin sarakuna da dauloli da aka saba, ya kai mu wani fagen fama na daban, watau allo mai gida 64, inda ake gwabzawa ba a zub da jinin kowa ba.

Wasan da nake nufi shi ne ces, wanda wasu ke kira darar Turawa. Karawar da za mu duba kuwa ita ce wadda aka yi ran 17 ga watan Oktoba na 1956, a birnin Niyok na ƙasar Amurka, tsakanin wani gwani ɗan shekara 26 mai suna Donald Byrne da wani yaro ɗan makaranta mai shekara 13, Bobby Fischer. Tun daga wannan shekara ake kiranta Wasan Ƙarni. Abin da yawancin mutane suka riƙe game da ita shi ne yaron ya ba da sarauniyarsa da gangan a taku na 17, kuma duk da haka ya ci wasa. To, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya bi wasan a tsanake zai ga cewa tun a taku na 11 aka yi ta ta ƙare, tun ana cikin abin da ake kira mabuɗin wasa, kuma shi mabuɗin da yaron ya riƙe yana da tarihin shekara 100 a bayansa. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Hausawa, tun daga Laraba ake gane ta.

Allo da 'ya'yansa

Kafin mu yi nisa, bari mu ɗan yi wa waɗanda ba su taɓa zama gaban allon ba shimfiɗa. Asalin wasan daga Indiya yake, wajen ƙarni na 6. Daga can ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi, suka kai shi Andalus, daga nan ya bazu cikin Turai. Malamanmu na zaure sun san shi da sunan shaɗaranji, domin sunan ya zo a littattafan fiƙihu, hukuncinsa kuwa fagensu ne, namu a nan tarihi ne kawai. A Barno ma Turawan mulkin mallaka sun rubuta cewa sun tarar da wani tsohon nau'insa mai suna tsatsarandi.

Kowane ɗan wasa yana farawa da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas. Ɗaya na riƙe da farare, ɗaya na riƙe da baƙaƙe, mai farare ne kuma ke fara taku. Hasumiya tana tafiya a miƙe, gaba ko baya ko gefe. Giwa tana tafiya a karkace. Sarauniya ta haɗa tafiyar duka biyun, shi ya sa ta fi kowa ƙarfi. Doki tsalle yake yi, gida biyu a miƙe sa'an nan ɗaya a gefe, kuma shi kaɗai ke tsallake wani. Dakare gaba kawai yake tafiya, yana kuma ci a karkace. Sarki gida ɗaya yake matsawa ta kowace fuska. In an auna sarki, sai a ce an yi masa kashedi, dole ne kuma mai shi ya kare shi nan take. In babu mafita, wasa ya ƙare.

A lissafin 'yan wasa dakare maki 1 ne, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Akwai kuma wani taku na musamman da za mu kira shiga ganuwa: sarki ya matsa gida biyu zuwa wajen hasumiya, ita kuma ta tsallake shi ta tsaya a gefensa, ya zama ya fake a lungu bayan dakarunsa. Ba a yin wannan sai in babu kowa tsakaninsu, kuma sarkin da hasumiyar ba su taɓa motsawa ba. A riƙe wannan sharaɗi, domin a kansa labarinmu zai juya.

Mene ne mabuɗin wasa?

Mabuɗi shi ne taku goma zuwa goma sha biyar na farko, inda kowa ke fito da rundunarsa yana jera ta. Tun zamanin Abbasiyawa a Bagadaza gwanaye irin su al-Adli da as-Suli, wanda ya rasu wajen 946, sun rubuta hanyoyin jera runduna, suna kiransu ta'abiyya, kowace da sunanta. A lokacin wasan yana tafiya a hankali, domin ɗan da muke kira sarauniya yau waziri ne a wurinsu, kuma gida ɗaya tak yake matsawa.

Wajen 1475 aka sake dokoki a ƙasar Sifen, aka ba sarauniya da giwa doguwar tafiya. Nan take wasan ya yi zafi, har ya zama mutum na iya hallaka cikin taku goma in ya yi sake. Daga nan nazarin mabuɗi ya zama dole. Lucena ya buga littafinsa a Salamanka cikin 1497, wani limamin coci kuma mai suna Ruy López ya buga nasa cikin 1561, har yau akwai mabuɗin da ke ɗauke da sunansa.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, bayan Wilhelm Steinitz ya zama zakaran duniya na farko cikin 1886, shi da Siegbert Tarrasch na Jamus suka tace ilmin ya koma ƙa'idoji kaɗan waɗanda ake koya wa kowane sabon shiga. Na farko, ka kama tsakiyar allo da dakarunka. Na biyu, ka fito da dawakai da giwaye da wuri, kada ka taɓa ɗa ɗaya sau biyu alhali ga wani yana kwance a gida bai fito ba. Na uku, ka shigar da sarkinka ganuwa kafin a fara artabu.

Daga Kalkata zuwa Biyana

Ƙa'ida ta farko ce ta fara samun masu ja da ita, kuma abin mamaki, tushen jayayyar ya girmi ƙa'idar kanta. A tsakiyar ƙarni na 19 akwai wani lauya mutumin Sikotilan, John Cochrane, yana aiki a Kalkata ta ƙasar Indiya. Gwani ne ƙwarai, har ya rasa abokin karawa a garin, sai aka haɗa shi da wani Ba'indiye daga ƙauye, Moheschunder Bannerjee. Suka buga wasanni ɗaruruwa, Cochrane yana rubutawa. Shi Bannerjee ya tashi ne da dokokin gargajiya na Indiya, inda dakare ba ya tsallake gida biyu a takunsa na farko, saboda haka bai saba da rugawa tsakiya da dakaru ba. Abin da yakan yi shi ne ya fito da doki, ya matsa dakaren gefe gida ɗaya, ya ajiye giwa a gurbin da ya buɗe, ta riƙa hangen tsakiya daga nesa kamar maharbi a kan ganuwa. Daga wasanninsa ne sunan Kariyar Indiya ya samo asali. Cikin 1855 ya buga wa Cochrane wani tsari wanda shi ne ainihin mabuɗin da muke magana a kai. Cochrane ne ya ci wannan wasa, tsarin kuma ya kwanta cikin takardu shekara da shekaru ba mai waiwayarsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai ga wasu matasan gwanaye a tsakiyar Turai, irin su Richard Réti da Aron Nimzowitsch, suna cewa kama tsakiya da dakaru ba dole ba ne. A ganinsu dakaren da ya yi gaba ya zama abin hari, tun da ba ya komawa baya. Ka bar abokin karawa ya gina katangarsa a tsakiya, sa'an nan ka rushe ta daga gefe. Ɗaya daga cikinsu shi ne Ernst Grünfeld, haifaffen Biyana, babban birnin Ostiriya, cikin 1893. Mutum ne da ya rasa ƙafa ɗaya tun yana yaro, ya tashi cikin talauci, ya duƙufa ga tattara mabuɗai da haddace su har ba a cika samun wanda ya kai shi ba a zamaninsa. Cikin 1922, a gasar Biyana, ya riƙe baƙaƙe ya buga wannan tsari a kan Alexander Alekhine, ya kuwa ka da shi. Alekhine ɗin nan shi ne ya zama zakaran duniya cikin 1927. Tun daga nan ake kiran tsarin Kariyar Grünfeld.

Ga yadda take a taƙaice. Mai baƙaƙe ya sa doki a gaba, ya sa giwa a gurbin gefen sarki, ya tura dakaren sarauniya tsakiya don a ci shi ko a yi musaya. Mai farare ya sami faffaɗar tsakiya, ga fili, ga sarari. Amma yana ɗaukar lokaci wajen gina ta, shi kuwa mai baƙaƙe ya riga ya gama shiri yana jiran ɓaraka. Ciniki ne tsakanin fili da lokaci. In mai farare ya gama shirinsa lafiya, shi ke da riba. In ya yi jinkirin taku ɗaya, to, bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga.

Mutanen biyu da lambobinsu

A ƙasashen da wasan ya kafu, kowane ɗan kulob da ke shiga gasa yana da lambar awo, wadda ke hawa in ya ci, ta sauka in aka cinye shi. Hukumar ces ta Amurka ta fara wannan cikin 1950 da tsarin Kenneth Harkness. Cikin 1960 ta koma tsarin Arpad Elo, wani malamin kimiyyar fiziks haifaffen Hangari da ke koyarwa a Milwaukee, hukumar duniya ta FIDE kuma ta ɗauki tsarin nasa cikin 1970. A ma'aunin Elo, wanda ya fi ka da maki 200 ana sa ran zai kwashe wajen kashi 76 cikin 100 na makin karawarku, in ratar ta kai 400 kuwa, fiye da kashi 90. Ɗan kulob na yau da kullum yakan tsaya tsakanin 1400 da 1800, gwani daga 2200, babban gwani wajen 2500 zuwa sama.

A jerin da hukumar Amurka ta fitar cikin watan Mayu na 1956, lambar Fischer 1726 ce, watau ta ɗan kulob mai ɗan dama-dama. Na kan gaba a jerin, Samuel Reshevsky, yana da 2663. An haifi yaron a Chicago ran 9 ga Maris 1943, ya tashi a unguwar Brooklyn ta Niyok hannun mahaifiyarsa. Yana da shekara 6 yayarsa Joan ta sayo allo a wani kanti, suka koyi dokoki daga takardar da ke cikin kwalin. Da yaron ya rasa abokin wasa, mahaifiyarsa ta aika wa wata jarida ta unguwar da wasiƙa tana neman yara sa'anninsa. Ta wannan hanya ya faɗa hannun Carmine Nigro, shugaban kulob ɗin Brooklyn, cikin 1951, wanda ya riƙe shi kusan shekara biyar yana koya masa. Cikin 1956 ya fara zuwa gidan Jack Collins, wani gwani mai zama a keken guragu wanda ya mai da falonsa makarantar yara, ga littattafai, ga abinci. A watan Yuli na wannan shekara ya ci gasar matasa ta Amurka, wannan ne kuma ya sa aka gayyace shi gasar manya.

Donald Byrne kuwa an haife shi cikin 1930, kuma shi da wansa Robert duk sun bi ta gidan Collins ɗin nan kafin Fischer. Ashe ke nan tsohon ɗalibi ne ya haɗu da sabon ɗalibi na makaranta ɗaya. Byrne ya ci buɗaɗɗiyar gasar Amurka cikin 1953. Cikin 1954, da aka kara tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet a Niyok, Amurka ta sha kashi 20 da 12, amma shi ya doke nasa abokin karawar, Yuri Averbakh, 3 da 1. Ko ta ina aka auna, yana cikin manyan 'yan wasan ƙasar.

Gasar ita ce ta Rosenwald karo na uku, mutum 12 a ciki. Wasan namu a zagaye na 8 ya faɗo, aka kuma buga shi a kulob ɗin Marshall, wanda tsohon zakaran Amurka Frank Marshall ya kafa cikin 1915. Byrne ne da farare.

Yadda aka kara

Don amfanin mai allo a gida, ga takun kamar yadda aka yi su. Layukan tsaye na allo ana kiransu da baƙaƙe daga a zuwa h, na kwance da lambobi daga 1 zuwa 8, ana farawa daga wajen mai farare. S sarki ne, Sr sarauniya, H hasumiya, G giwa, D doki. Inda aka ga sunan gida kawai, dakare ne ya taka. Alamar x ci ne, + kashedi, 0-0 shiga ganuwa.

1. Df3 Df6 2. c4 g6 3. Dc3 Gg7 4. d4 0-0 5. Gf4 d5

A lura, tun a taku na 4 yaron ya shigar da sarkinsa ganuwa. Da taku na 5 kuma wasa ya faɗa cikin Kariyar Grünfeld.

6. Srb3 dxc4 7. Srxc4 c6 8. e4 Dbd7 9. Hd1 Db6 10. Src5 Gg4 11. Gg5

Fito da sarauniya da wuri a wannan mabuɗi salo ne da gwanayen Rasha suka yi fice da shi, ba laifi ba ne a kan kansa. Da taku na 8 Byrne ya sami abin da yake nema, dakaru biyu kafaɗa da kafaɗa a d4 da e4. Amma mu ƙirga abin da ya biya. Sarauniyarsa ta taka sau uku cikin taku goma. Giwarsa ta gida f1 ba ta motsa ba, ita ce kuma ta tokare tsakanin sarki da hasumiya, ta hana shiga ganuwa. Abin da ya kamata a taku na 11 shi ne ya fito da ita zuwa e2, taku na gaba ya killace sarki. Maimakon haka sai ya sake ɗaukar giwar da ta riga ta fito, ya matsa da ita daga f4 zuwa g5 don ya ƙuntata wa dakaren e7. Ƙa'ida ta biyu da ta uku duk ya taka su a taku ɗaya. A wajen yaron kuwa, doki biyu da giwa biyu duk suna fage, sarki yana lungu.

11... Da4

Wannan shi ne takun da ya girgiza masu kallo. Yaron ya jefa dokinsa gefen allo, gidan da dokin Byrne na c3 zai iya cinye shi kyauta. Dabarar ita ce, wannan doki na c3 shi kaɗai ke gadin dakaren e4. In ya bar wurinsa ya je ci, sai ɗaya dokin Fischer ya faɗa e4, ya auna sarauniya da giwa lokaci guda, layin da ke gaban sarkin Byrne kuma ya buɗe. Byrne ya hango haka, ya ƙi ci, ya ja sarauniya baya, takunta na huɗu ke nan.

12. Sra3 Dxc3 13. bxc3 Dxe4 14. Gxe7 Srb6 15. Gc4 Dxc3 16. Gc5 Hfe8+ 17. Sf1

Katangar tsakiya ta fara zubewa. Sai a taku na 15 giwar f1 ta fito, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe, domin a taku na 16 aka yi wa sarki kashedi ta layin da ya buɗe, ya matsa da ƙafarsa, damar shiga ganuwa ta tafi har abada. Duk da haka, wanda ya dubi allon a wannan lokaci zai ce yaron ne ke cikin matsi, domin giwa ta auna sarauniyarsa, sarauniyar Byrne kuma ta auna dokinsa.

17... Ge6

Bai janye sarauniya ba, bai kare doki ba. Ya komo da giwarsa ta tari giwar Byrne ta c4. In Byrne ya ci wannan giwa, sarauniyar yaron za ta yi kashedi daga b5, cikin taku kaɗan kuma doki ya kashe sarki a tsakiyar 'ya'yansa, su da kansu sun toshe masa hanya. In ya ci doki, yaron zai ci giwar c5 da sarauniya, a yi musaya, ya fita da riba. Sai Byrne ya karɓi sarauniyar.

18. Gxb6 Gxc4+ 19. Sg1 De2+ 20. Sf1 Dxd4+ 21. Sg1 De2+ 22. Sf1 Dc3+ 23. Sg1 axb6 24. Srb4 Ha4 25. Srxb6 Dxd1

A nan sarkin Byrne gida biyu kawai gare shi, f1 da g1, yana kai da komo tsakaninsu kamar guga a rijiya. Duk sa'ad da ya koma f1, doki sai ya kauce daga gaban giwa, giwa ta yi kashedi, shi kuma dokin ya tafi inda ya ga dama. Da ƙura ta lafa, a madadin sarauniya mai maki 9 yaron ya sami hasumiya, giwa biyu da dakare, maki 12 ke nan, 'ya'yansa kuma duk suna aiki tare.

26. h3 Hxa2 27. Sh2 Dxf2 28. He1 Hxe1 29. Srd8+ Gf8 30. Dxe1 Gd5 31. Df3 De4 32. Srb8 b5 33. h4 h5 34. De5 Sg7 35. Sg1 Gc5+ 36. Sf1 Dg3+ 37. Se1 Gb4+ 38. Sd1 Gb3+ 39. Sc1 De2+ 40. Sb1 Dc3+ 41. Sc1 Hc2, sarki ya mutu.

Abu biyu ne abin lura a wannan ƙarshe. Na ɗaya, hasumiyar Byrne ta gida h1, wadda da ya shiga ganuwa da ta fito tun farko, ba ta taka ba sai a taku na 28, a take kuma aka yi musayarta. Rabin rundunarsa bai ga yaƙin ba. Na biyu, al'adar gwanaye ita ce in wasa ya ɓaci mutum ya miƙa hannu ya sallama. Byrne bai yi haka ba, ya zauna aka kora sarkinsa daga wannan gefe zuwa wancan har taku na 41. Da wannan ya bar wa yaron wasansa cikakke, ya bar wa masu koyo darasi har ƙarshensa.

Bayan an tashi

Hans Kmoch, wani gwani kuma marubuci, shi ne ya laƙaba wa karawar sunan Wasan Ƙarni a mujallar Chess Review, aka kuma ba Fischer kyautar wasa mafi kyau na gasar. Amma kada a ɗauka ya kwashe gasar. Maki 4½ ya samu cikin 11, ya yi kunnen doki a matsayi na 8 da na 9, Reshevsky ne ya zo na ɗaya. A jerin watan Mayu na 1957 lambarsa ta koma 2231, hawan fiye da maki 500 cikin shekara ɗaya. A watan Janairu na 1958 ya zama zakaran Amurka yana ɗan shekara 14, a wannan shekara kuma ya zama babban gwani na duniya yana da 15. A gasar Amurka ta 1963 zuwa 1964 ya ci wasa 11 cikin 11, ciki har da wanda ya ka da Robert, wan Donald, cikin taku 21 da irin wannan tsari na giwar gefe. Cikin 1972, lambarsa tana 2785, ya doke Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet 12½ da 8½ a Reykjavik ta ƙasar Aisilan, ya zama zakaran duniya.

Mabuɗin shi ma ya ci gaba da tafiyarsa. Da shi Fischer ya tari zakaran duniya Mikhail Botvinnik a Varna cikin 1962, suka tashi canjaras. Garry Kasparov ya riƙe shi a karawarsa da Anatoly Karpov cikin 1986 da 1987 da 1990. Ƙasar Bannerjee kuwa ta fitar da zakarun duniya biyu, Viswanathan Anand, da Gukesh Dommaraju wanda ya ci kambin a watan Disamba na 2024 yana ɗan shekara 18.

Ƙarshen mutanen biyu ya bambanta. Fischer ya bar makarantar sakandare yana da shekara 16. Bayan 1972 ya ƙaurace wa gasa, cikin 1975 ya ƙi fitowa ya kare kambinsa aka ba Karpov. Ya sake bayyana cikin 1992 ya buga da Spassky a Yugoslabiya, abin da ya saɓa wa takunkumin Amurka, ya zama ba shi da damar komawa gida. Ya ƙare rayuwarsa cikin kaɗaici, ana jin munanan kalaman ƙiyayya daga bakinsa. An tsare shi a Japan cikin 2004, Aisilan ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa cikin 2005, a can ya rasu ran 17 ga Janairu 2008 yana da shekara 64. Donald Byrne kuwa malanta ya kama, ya koyar da Turanci a Jami'ar Jihar Pennsylvania, yana kuma horar da ɗalibai ces, har ciwo ya ɗauke shi cikin 1976 yana da shekara 45.

Abin da ya rage mana

Jama'a, lambar 1726 ba ƙarya ta yi ba, labarin jiya ta bayar, yaron kuwa ya riga ya wuce jiya. Malamanmu sun fi kowa sanin wannan, domin sau nawa sakamakon jarrabawar bara yake ɓoye yaron da ya farka bana? Wanda ya dogara da lamba kaɗai, ɗan hakin da ya raina zai tsone masa ido.

Kuma ba hikimar taku na 17 ce ta haifi kanta ba. Ba don sarkin Byrne ya makara a tsakiya ba, da babu inda hikimar za ta shiga. Ba don yaron ya cika ƙa'idoji nasa tun a taku goma na farko ba, da ba shi da 'ya'yan da zai kai harin da su. Gwani ya ga ya wuce ƙa'idar 'yan koyo ya tsallake ta sau ɗaya, yaro ya kiyaye ta, wannan shi ne bambancin. Ita kuma ƙa'idar da mabuɗin wasu ne suka sha wuyarsu: mutumin ƙauye a Kalkata, lauyan da ya zauna ya rubuta wasanninsa, mai ƙafa ɗaya a Biyana, shugaban kulob da ya ba yaro shekara biyar na lokacinsa, da mai keken guragu da ya buɗe falonsa.

Wannan na ƙarshe shi ne ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na ƙungiya. A duk lokacin da muka zauna muna lissafin abin da za mu yi wa makarantarmu, gini da fenti da kujeru ne ke fara zuwa, kuma suna da muhimmanci. Amma kulob na ɗalibai, ko na muhawara ne, ko na lissafi, ko na wasan kwaikwayo, ko na allo irin wannan, abin da yake buƙata bai wuce ɗaki ɗaya, kayan aiki kaɗan, da babba guda mai haƙuri wanda zai riƙa zuwa ba fashi ba. Rayuwar Fischer kuma ta ƙara mana da gargaɗi, cewa baiwa in ba ta sami tarbiyya da ilmi mai faɗi ba, tana iya kai mutum ƙololuwa ta bar shi can shi kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.